Sannu da Jiki

Malama ta ja ɗan yatsanta a kan kantar littattafai ta goma sha ɗaya, ta ɗaga shi ta duba. Ƙura. Shekara ashirin da biyu tana aiki a laburaren nan, ba ta taɓa ganin ƙura ta samu wurin zama a wannan kantar ba, domin hannuwa ba sa barin ta ta huta. Nan ake jera littattafan cututtuka: na rashin haihuwa, na taɓin hankali, na shaye-shaye, da na irin ciwon da mutum ba ya iya faɗa wa ko da uwar da ta haife shi. Kantar tana can ƙarshen ɗaki, bayan ta tarihi, inda mutum zai yi rabin awa a tsaye ba wanda ya san yana nan. Da gangan Malama ta sa aka ajiye ta a wurin, kuma mijinta, Kafinta, shi ya haɗa ta da hannunsa tun suna amarya da ango.

Ta ɗaga kai. Kyamara ta uku tana manne a silin, daidai saman kantar, ɗan jan haskenta yana ƙyaftawa.

"To, sannunki da aiki," ta ce da ita. "Kin kore su kaf."

Wata uku ke nan da sabon Darakta ya kawo kyamarori huɗu, saboda littattafai suna ɓacewa. Mutum ne mai zafin nama wanda ba ya iya zama a kujera, ko magana zai yi sai yana kai da komo. Malama ba ta ce komai ba a kan wadda aka sa a ƙofar shiga, da ta ɗakin kwamfutoci, da ta tagar baya. Ta ukun ce ta tsaya mata a wuya. Darakta ya ce daga wannan kantar aka fi sata, don haka nan ya fi cancanta da ido. Ya kuma sa aka ɗora talabijin ɗin da ke nuna hotunan a kan teburin Baba Maigadi, a bakin ƙofa, fuskarsa na kallon masu karatu, wai don ɓarawo ya ga ana ganin sa.

Shi kuwa Baba Maigadi, kaf garin da wuya a samu mai farar zuciya irin tasa. Abin da ya jawo ɓarnar ke nan. Yana zaune yana kallon talabijin, sai ya ga wani ya tsaya a kanta ta goma sha ɗaya ya zaro littafi, sai tausayi ya kama shi. Mutumin na zuwa fita, sai Baba ya miƙe, ya dafa ƙirji, ya ce da murya mai taushi wadda duk ɗakin ke ji:

"Sannu da jiki. Allah ya ba da lafiya."

Wata malamar makaranta da ta shekara biyar tana zuwa kowace Laraba, ranar da ya yi mata wannan gaisuwar ta tsaya cak, ta dubi talabijin, ta dube shi, ta fice. Ba ta sake takowa ba. Malama ta ja Baba gefe ta roƙe shi ya bari. Ya buɗe baki yana mamaki.

"Haba Malama! In ga mutum ba shi da lafiya in yi shiru? Ai ba haka aka rene ni ba."

Ya yi alkawari dai, ya kuma cika na kwana biyu. Daga nan ya koma yin gaisuwar da ido da girgiza kai, wadda ta fi ta bakin muni. Malama ta rubuta wa Darakta takarda sau biyu tana neman a juya kyamarar. Bai ba ta amsa ba, ita kuma, a gaskiya, ta gaji ta bar maganar.

Ranar Litinin ya kira ta ofis. Yana tsaye, kamar kullum.

"An sake yi mana," ya ce. "Littafi mai koren bango, na ciwon rawar hannu, daga kantar taki. Ranar Alhamis da safe yana nan, ranar Juma'a babu shi. Na'urar nan tana ajiye hoton sati biyu kafin ta goge. Ki zauna ki duba na Alhamis, ki fitar mini da fuskar mai hannun. Zan buga hoton in manna a allon sanarwa, kowa ya gani. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah."

"Ranka ya daɗe, littattafan wannan kantar suna dawowa da kansu."

"Ƙafa gare su? Ki duba kawai, Malama."

Ta shiga ƙaramin ɗakin da na'urar take, ta rufe ƙofa. Ta kunna hoton Alhamis, tana tura shi gaba da sauri. Awa bayan awa, kantar tana tsaye ita kaɗai, ba kowa. Sai da agogon da ke kusurwar hoton ya nuna ƙarfe huɗu saura minti goma, lokacin da Baba Maigadi ke zagayawa kulle ƙofar baya, sannan wani mutum ya shigo cikin hoton. Daga sama ake ganin sa, amma ba ta buƙatar fuska. Ta san hular, ita ta wanke ta. Ta san fensirin da ke maƙale a bayan kunnen.

Kafinta ne. Kullum da yamma yana zuwa ɗaukar ta, ya zauna ya jira ta tashi.

Ya shafa gefen kantar kamar yadda ya saba, kamar mai duba ko katako ya motsa. Ya waiwaya dama da hagu. Sai ya zaro hannunsa na dama daga aljihu, ya miƙa shi wajen koren littafin, hannun yana rawa. Ba ƙaramar rawa ba. Sai da ya kama wuyan hannun da na hagu kafin ya iya jawo littafin. Ya buɗe, ya karanta abin da bai fi layi uku ba, ya rufe, ya tura shi cikin riga.

Malama ta tsayar da hoton. Sai yanzu abubuwa suka riƙa zuwa mata ɗaya bayan ɗaya. Ya daina shan shayi a gabanta, wai ya fi son ya sha a shago. Ya bar sa riga mai maɓalli. Ƙofar ɗakin girkinsu wata biyu tana kuka, shi da ba ya kwana da ƙofa mai kuka a gidansa. Tana tare da mutum a ɗaki ɗaya ba ta gani ba, sai wani ƙarfe a silin ne ya gani ya zo ya ba ta labari.

Kuma ta san dalilin da bai ara ba. Teburin aro ita ce a kansa. Ya san talabijin na nuna mutum, shi ya sa ya jira Baba ya tashi. Abin da bai sani ba shi ne na'urar tana ajiyewa.

Ta yi kuka, ba mai yawa ba. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne maganar tasa ce, shi ke da ikon zaɓar ranar da zai faɗa mata da kuma kalmomin da zai faɗa, ga shi an ƙwace masa ba tare da ya sani ba, kuma da idonta aka yi ƙwacen. Ta tuna da malamar makarantar nan ta Laraba, kunya ta kama ta. Takarda biyu kawai ta rubuta saboda ita, ta naɗe hannu. Sai da wuta ta kama gefen zaninta sannan ta san akwai zafi.

Ta share fuska, ta kashe na'urar, ta koma ofis.

"Na gani, ranka ya daɗe. Ba zan faɗa ba."

Darakta ya tsaya da zirga-zirgarsa. "Ban ji ba."

"Na ga wanda ya ɗauka. Ba zan ba ka sunansa ba, ba kuma zan fitar da hotonsa ba."

"Kin san abin da kike faɗa? Wannan ƙin bin umarni ne. Takardar tuhuma zan ba ki, shekararki ashirin da biyu a aiki ba za ta hana ba. Kuma ɗakin na'urar ba a kulle yake ba, ina da idanu."

"Kana da su. Amma kafin ka shiga, alfarma ɗaya nake roƙo. Ka je kanta ta goma sha ɗaya da ƙafarka, ka ɗauko mini littafi ɗaya, kowanne hannunka ya faɗa a kai, ka biyo da shi ta bakin ƙofa. Idan ka dawo ra'ayinka bai canza ba, ka rubuta takardar, ni zan kawo maka biro."

Ya yi dariyar raini. Mutum ne da ba ya son a ce ya ji tsoron abu, don haka ya fita. Malama ta tsaya a ƙofar ofis tana kallo. Masu karatu sun kai ashirin a ɗakin, kuma da yake Darakta ba ya tafiya a hankali, duk suka ɗago kai, suka bi shi da ido har ya ɓace a bayan kantar tarihi, sannan suka mayar da idanun kan talabijin. Ga shi nan fes. Ya miƙa hannu bai ko duba ba, ya zaro wani siririn littafi, ya juyo.

Kafin ya iso, Baba Maigadi ya riga ya miƙe, hannu a ƙirji. Ya karanta bangon tun daga nesa. Alkawarin da ya yi wa Malama ya bi ruwa, domin wannan karon maigidansa ne.

"Ranka ya daɗe, sannu da jiki! Wayyo, ashe basir ne? Shi ya sa ba ka iya zama! Wallahi da ka faɗa mini tun farko, akwai wani mai magani a unguwarmu, sati ɗaya za ka zauna daram."

Ɗakin ya yi tsit, irin tsit ɗin da ya fi dariya ciwo. Wani dattijo ya ɗaga jarida ya rufe fuska, jaridar tana girgiza. Darakta ya dubi littafin da ke hannunsa a karon farko. Ya buɗe baki zai ce ba nasa ba ne, sai ya ga duk abin da zai faɗa ƙara tabbatar da zancen zai yi. Ya wuce ofis, Malama ta bi shi ciki, ya rufe ƙofa, ya ajiye littafin a kife.

Ya kama kujera zai zauna, ya fasa, ya sake kamawa, ya zauna da ƙarfi kamar mai kafa hujja.

"Shirya wannan kika yi da shi?"

"Baba ba a shirya shi, ranka ya daɗe. Kai lafiyarka ƙalau, minti biyu ka yi, ka ji yadda abin yake. To wanda ciwon na gaske ne fa? Mutanen nan ba ɓarayi ba ne. Kunya ce ke hana su zuwa teburina in buga musu hatimi ina kallon bangon. Su ɗauka, su karanta a ɓoye, su jefo a akwatin mayarwa da ke waje. Shekara ashirin da biyu ni nake buɗe akwatin nan kowace safiya. Cikin goma, tara suna dawowa. Yanzu an daina ɗauka, an kuma daina karantawa. Ka je ka shafa kantar ka ga ƙura."

Ya kafa mata ido. "Wanda ya ɗauki wannan, naki ne?"

"Ko nawa ne ko ba nawa ba, amsar ɗaya ce. Takarduna biyu suna cikin durowarka tun kafin littafin ya ɓace."

Ya jawo durowar, ya ga takardun, ya mayar.

"Hoton Alhamis ɗin nan saura kwana goma ya goge," ya ce. "Na ba ki tara. Idan littafin ya dawo, a juya kyamarar ta kalli ƙofar gobara, wadda ake fita ta nan in wuta ta tashi, talabijin kuma a yi masa akwati, daga ni sai ke za mu riƙa buɗewa, sai in wani abu ya faru. Idan bai dawo ba, rana ta tara zan shiga in duba da kaina, hoto zai hau allo, ke kuma ki karɓi takardarki."

"Na yarda."

Faɗar ta fi yi sauƙi. A rana ta biyu ta gano inda littafin yake. Tana neman almakashi a gida ta ɗaga murfin akwatin kayan aikinsa, sai ga gefen koren bango a ƙarƙashin zarto, an naɗe shi da tsohon tsumma. Hannunta ya kai rabi. Da ta ɗauke shi ta jefa a akwatin mayarwa, shi ke nan, aikinta ya tsira, fuskarsa ta tsira. Amma da yamma zai buɗe ya ga wayam, ya san ta sani, ya san ta yaya ta sani. Ta mayar da murfin a hankali yadda ta same shi.

Haka ta yi ta zama da maganar a ciki. Idan ya zo ɗaukar ta, hannun dama a aljihu, sai ya ce, "Malama, an gama koya wa duniya karatu?" ita kuma ta ce, "Saura kai." Su yi dariya kamar kullum. Idan cokali ya kuɓuce masa, sai ta juya tana neman wani abu a bayanta. Kalmar sannu kuwa, wadda ba ta taɓa sanin tana faɗin ta sau ashirin a rana ba, ta zama abin da take tsaro kamar garwashi a baki. Kowace safiya ta buɗe akwatin mayarwa ta kwashe abin da ke ciki: littattafan yara, na lissafi, na girki. Babu kore. Darakta in ya wuce ta, sai ya ɗaga yatsu ya nuna mata kwanakin da suka rage. Rana ta bakwai ya ɗaga biyu. Ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Na gani, ranka ya daɗe," ta ci gaba da buga hatimi.

Rana ta takwas, a ƙasan akwatin, ƙarƙashin wani ƙamus, ga koren littafin nan. An goge bangon tsaf, har kusurwar da ta ɓare tun bara an liƙe ta da gam. Wani siririn ɓawon katako, irin wanda ke naɗewa idan ana fere, ya leƙo daga tsakiyar shafukan, inda mai karatu ya sa alama ya manta. Ta san idan ta buɗe wurin za ta ga abin da ya fi tsayawa a kai, ko magani, ko shekarun da suka rage wa hannun. Ta kama bakin ɓawon, ta zare shi littafin yana rufe, ta sa a jakarta. Sannan ta kai wa Darakta ta ajiye a gabansa.

Ya juya shi, ya ga liƙin. "Ɓarawo mai gyara," ya ce. Sannan ya ƙara da cewa, "Mijinki ba kafinta ba ne? Ki ce ya zo ya yi mana akwatin."

Ranar Asabar, da yake ba a buɗe wa masu karatu, suka zo su biyu. Mai gyaran kyamara ya riga ya juya ta ukun tun ranar Juma'a, tana kallon ƙofar gobara da babu mai bi. Baba Maigadi yana waje a kan benci, yana fushi an raba shi da talabijin ɗinsa. Kafinta ya zo da katakon a yanke, saura haɗawa da sa ƙyaure. Malama ta ɗauki tsumma ta tafi kanta ta goma sha ɗaya, tana goge littattafan ɗaya bayan ɗaya, ta ba shi baya.

Tana jin sa. Guduma ta sauka sau biyu daidai. Sai ƙusa ta faɗi, ta gangara a ƙasa. Ya ɗauka. Ta sake faɗuwa. A karo na uku bai ɗauka ba. Shirun ya yi tsawo har ta gama layi ɗaya ta kama na biyu.

"Malama."

"Na'am."

"Zo ki riƙe mini ƙusar nan."

Shekara ashirin da biyu da aure, bai taɓa barin kowa ya riƙe masa ƙusa ba. Ta ajiye tsumman ta zo. Ya fito da hannun daman, bai ɓoye ba, ya ɗora shi a kan katakon a tsakaninsu, yana rawa.

"Kin ga abin da yake yi mini," ya ce, bai dube ta ba. "Ya kai wata biyar. Na so in san sunansa tukuna kafin in faɗa miki. Yanzu na sani. Ranar Litinin zan je asibiti, ina so ki raka ni."

Sannun ta taso mata tun daga ƙirji, ta zo har bakin haƙora. Ta haɗiye ta.

"Ƙarfe nawa?" ta ce.

"Takwas."

"To, sai Darakta ya buɗe akwatin mayarwa da kansa ranar."

Ta durƙusa ta ɗauko ƙusar, ta kafa ta a inda fensirinsa ya yi alama, ta riƙe da yatsu biyu. Ya kama gudumar da hannu biyu, ya ɗaga, ya tsaya yana duban yatsun nata.

"Ba kya tsoro?"

"Buga," ta ce.